SHARHI: Abin da lambar NAFDAC ke nufi a jikin kwalbar maganin gargajiya, da abin da ba ta nufi

A watan Yunin 2023, jaridar Premium Times da kafar tantance labarai ta Dubawa suka wallafa sakamakon binciken da suka shafe watanni suna yi a kan wani ruwan magani da aka fi sani da Baban Aisha, wanda a lokacin ya cika tashoshin mota da kasuwannin Arewa da Abuja. Gwajin da aka yi a kan dabbobi a ɗakin binciken wata jami'a ya nuna yana iya lahanta ƙoda da hanta. Cikin 'yan kwanaki hukumar NAFDAC ta kai samame Kaduna, ta rufe wurin da ake haɗa shi, ta kama mai kamfanin, ta kuma ba da umarnin kwashe shi daga kasuwa.

Abin da ya fi ɗaukar hankali a bayanin da shugabar hukumar, Farfesa Mojisola Adeyeye, ta yi wa manema labarai shi ne tarihin lambar da ke jikin kwalbar. Lambar ta gaske ce. An bayar da ita a 2018 domin basir kaɗai. Wa'adinta ya ƙare ba a sabunta ba, amma aka ci gaba da buga ta, tallar kuma ta faɗaɗa har ta haɗa da taifod da gyambon ciki da ciwon sanyi. Duk wanda ya duba kwalbar ya ga lamba sai hankalinsa ya kwanta, alhali lambar ba ta taɓa yi masa alƙawarin da yake zato ba.

Wannan giɓi da ke tsakanin abin da hukuma ta tantance da abin da mai saye ya fahimta shi ne babban haɗarin da ke cikin kasuwar magungunan tsirrai a Najeriya, kuma kama mutum ɗaya bai cike shi ba.

Dalilin da kasuwar ke bunƙasa

Mutanen da ke sayen waɗannan magunguna suna da hujjarsu. Fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa a kan lafiya a Najeriya daga aljihun majinyata yake fitowa. Dokar da ta wajabta inshorar lafiya an sa mata hannu tun 2022, amma mafi yawan jama'a har yanzu suna wajen tsarin. A Yunin 2023 aka saki darajar naira ga kasuwa, a Agustan shekarar kamfanin GlaxoSmithKline ya sanar da daina gudanar da harkokinsa kai-tsaye a ƙasar, sannan hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin 100 a Disambar 2024. Mai hawan jini ko ciwon suga, wanda zai sha magani kullum har ƙarshen rayuwarsa, ya wayi gari kuɗin maganin wata ya fi ƙarfinsa. A daidai lokacin ne wani ya tsayar da mota a bakin kasuwa yana cewa kwalba uku za ta raba shi da cutar baki ɗaya.

Masu saye ma sun sauya. Ban da marasa lafiya, akwai matasa masu koshin lafiya da ke shan wani abu kullum domin ƙarin kuzari, ko wankin dattin ciki, ko rage teɓa, ko ƙara ƙiba, ko gyaran aure. Tallar ta tashi daga lasifika ta koma TikTok da WhatsApp da Facebook, inda fitattun fuskoki ke yabon kayan da ba su san yadda aka haɗa su ba.

A tsohon tsari, 'yar mai ganye da wanzami da ungozoma da maɗori mazauna unguwa ne. An san gidansu, an san daga wurin wanda suka gāda, idan kuma magani ya yi ɓarna an san ƙofar da za a ƙwanƙwasa. Mai talla a mota kuwa kafin magariba ya bar garin, mai shafin intanet kuma yana iya rufe shafinsa cikin minti ɗaya.

Harafin da ke ƙarshen lamba

NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, tana da matakai biyu ga maganin tsirrai. Na farko shi ne shigarwa cikin jeri na wucin-gadi, wanda ke aiki shekara 2. A nan ana duba tsaftar wurin haɗawa, a gwada samfurin da aka kawo ko yana da guba ko ƙwayoyin cuta, sannan a ba shi lamba mai harafin L a ƙarshe. Mataki na biyu shi ne cikakkiyar rajista ta shekara 5, wadda sai an gwada maganin a kan majinyata bisa ƙa'idar bincike an tabbatar yana aikin da aka ce yana yi.

Mafi yawan magungunan tsirrai masu lamba a matakin farko suke, domin gwaji a kan majinyata yana cin kuɗi da lokaci. Shi ya sa doka ta tilasta rubuta wata jimla a jikin kwalba da ke bayyana cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin da ake yi wa maganin ba. Sai dai da Turanci ake rubuta ta, da ƙananan haruffa, yayin da tallar ke zuwa da Hausa a cikin babbar murya. Mai talla yana cewa "NAFDAC ta amince da shi", mai saye kuma yana jin "gwamnati ta tabbatar yana warkarwa".

Ko batun rashin gubar ma yana da iyaka. Abin da aka gwada shi ne samfurin da kamfani ya kai da hannunsa. Abin da za a zuba a kwalba bayan wata shida sai sa-ido a kasuwa ne zai bayyana shi, kuma a nan ne ƙarfin hukumar ya fi rauni.

Daga tukunyar miya zuwa kwalba

Zancen da aka fi ji a bakin masu talla shi ne, "Itace ne zalla, ba ya illa." Duk abin da ke da ƙarfin sauya aikin jiki har ya warkar, yana da ƙarfin cutarwa idan awonsa ya wuce kima. Zogale a kwaɗo, kuka a miya, citta da kanumfari a shayi, abinci ne da aka daɗe ana ci lafiya. Lamarin yana sauyawa idan aka tattara ƙarfin ganye mai yawa a cikin kafso ɗaya ko ruwa mai kauri, aka kuma riƙa sha safe da yamma tsawon watanni. Ko a itace guda ma sassa sun bambanta: ganyen zogale abinci ne mai gina jiki, amma saiwarsa da ɓawonsa ana gargaɗin masu juna biyu su nisance su.

Darasi mafi tsada a wannan fage daga Beljiyam ya zo. A farkon shekarun 1990, wani asibitin rage ƙiba a birnin Burasel ya riƙa bai wa mata wani haɗin tsirrai daga ƙasar Sin, wanda a cikinsa aka musanya wani tsiro da wani mai kama da shi a suna. Fiye da mata 100 ƙodarsu ta lalace, da yawa suka koma wankin ƙoda ko dashe. Wani bincike da aka wallafa a shekarar 2000 ya gano ciwon daji na hanyar fitsari a jikin 18 daga cikin 39 da aka duba. Sinadarin da ya yi wannan ɓarna yana cikin dangin tsiron da Hausawa ke kira duman dutse, kuma a yau cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya shi a jerin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa daji.

Ƙoda da hanta su ne ke tace duk abin da aka sha, kuma sukan daɗe suna lalacewa ba tare da wata alama ba. Ciwon ƙoda yana da musabbabai da dama, hawan jini da ciwon suga ne a kan gaba, amma likitocin ƙoda a Najeriya sun daɗe suna lissafa haɗe-haɗen da ba a san abin da ke cikinsu ba a cikin abubuwan da ke jawo shi ko tsananta shi. A 2025 gwamnatin tarayya ta sanar da rage kuɗin wankin ƙoda daga naira 50,000 zuwa 12,000 a wasu asibitocinta. Ko a sabon farashin, wanda ke buƙatar wanki sau biyu ko uku a mako zai kashe naira dubu 96 zuwa 144 a cikin mako huɗu. Arhar kwalbar da aka saya a tasha takan ƙare a nan.

Abin da ba a rubuta a jiki ba

Haɗari na biyu shi ne algus. Idan maganin da aka ce na ganye ne ya yi aiki cikin rabin sa'a kamar yankan wuƙa, akwai dalilin yin tambaya. Hukumomin magunguna a ƙasashe da dama, har da NAFDAC, sun sha gano sildenafil, wato sinadarin da ke cikin Viagra, a cikin magungunan ƙarfin maza da ake sayarwa da sunan tsirrai. Ga mai ciwon zuciya da ke shan magungunan buɗe hanyoyin jini na rukunin naitiret, wannan haɗuwa tana iya faɗar da bugun jini har ta kai ga rasa rai. A 2022 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta gargaɗi wasu kamfanoni huɗu da ke sayar da zuma wadda aka cakuɗa da irin waɗannan sinadarai.

Haka abin yake a haɗin ƙiba da na ciwon gaɓɓai, inda akan niƙa ƙwayoyi irin deksametason a zuba. Mutum zai ga kumatu sun ciko, ciwon gwiwa ya lafa, sai ya ɗauka an dace. Abin da ke biyo baya shi ne hauhawar suga da jini, raunin ƙashi da na garkuwar jiki. Wanda ya daɗe yana sha kuma daina shi farat ɗaya ma haɗari ne, sai da kulawar likita.

Akwai kuma gurɓacewar da ba da gangan ba. Saiwar da aka shanya a gefen titi ko aka adana da danshi tana yin fumfuna mai fitar da gubar da ke cin hanta. Tsiron da aka haƙo a ƙasa mai ƙarafa masu guba yana ɗauke da su. Yankin da ya rasa yara kusan 400 sakamakon gubar dalma a Zamfara a 2010 ba ya buƙatar dogon bayani a kan haka.

Wannan ya shafi shagunan magungunan Musulunci da suka yawaita a birane. Darajar da addini ya bai wa zuma da habbatus-sauda ba ta zama shaida ga abin da wani ɗan kasuwa ya ɗura a kwalba ya liƙa wa sunansu ba. Wanda ya gaurayawa zuma sinadari ya sayar da sunan sunna ya haɗa laifi biyu: cutar da jiki da ha'inci.

Idan magani biyu suka haɗu

Haɗari na uku ya fi ɓuya, domin yana faruwa ko da tsiron mai kyau ne kuma tsaftatacce. Mutane da yawa suna shan na asibiti da na gida a lokaci guda, kuma ba sa faɗa wa likita saboda gudun faɗa.

Bincike ya nuna zoɓo yana ɗan rage hawan jini, don haka mai shan ƙwayar hawan jini da ya mayar da zoɓo mai kauri ruwan shansa yana iya fuskantar jiri. Wani bincike a Sudan a 1994 ya gano cewa zoɓo da tsamiya da lemon tsami suna rage yawan kulorokwin da ke shiga jini idan aka sha su tare. Garahuni da shuwaka, waɗanda ake sha domin suga, idan suka haɗu da ƙwayar suga ko allurar insulin suna iya faɗar da sugan fiye da kima. Tafarnuwa da citta masu yawa suna ƙara haɗarin zubar jini ga mai shan magungunan tsinka jini irin wafarin da asfirin, ko wanda za a yi wa tiyata. A Amurka an gano kafson tafarnuwa ya rage kusan rabin ƙarfin wani maganin cuta mai karya garkuwar jiki a cikin jini.

Kayan da ake shigowa da su daga waje cikin kwalaye masu sheƙi ma ba su tsira ba. Dokar Amurka ta 1994 ba ta buƙaci a tabbatar da aikin irin waɗannan kayan ƙarin lafiya kafin a kai su kasuwa ba. Wani bincike da aka wallafa a 2015 ya ƙiyasta cewa suna kai mutum kusan 23,000 sashen gaggawa a kowace shekara a ƙasar, likitocin hanta a can kuma sun danganta kusan kashi 20 cikin 100 na raunin hanta da magani ke jawowa da su. A cikin waɗanda aka samu da hannu har da kafson kurkur da na ganyen shayi, abubuwan da a kicin ba sa cutar da kowa.

Hanyar da ta yi aiki

Tarihin likitanci cike yake da magungunan da suka fito daga daji. Kwinin daga ɓawon itace aka samo shi. Atemisinin, ginshiƙin maganin zazzaɓin cizon sauro na yau, daga tazargade 'yar ƙasar Sin Tu Youyou ta fitar da shi a 1972, aikin da ya ba ta lambar Nobel a 2015. Duk da haka Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta goyon bayan shan tazargade a matsayin shayi domin zazzaɓi, saboda ƙarfin sinadarin yana bambanta daga ganye zuwa ganye, kuma awon da bai kai ba yana koya wa ƙwayar cutar bijirewa magani.

Najeriya ma ta taɓa bin wannan hanya. A shekarun 1990 cibiyar binciken magunguna ta NIPRD da ke Abuja ta karɓi wani haɗi daga hannun mai maganin gargajiya, wanda ya ƙunshi masoro da kanumfari da wasu tsirrai biyu, ta gwada shi a kan masu amosanin jini, ta samar da Niprisan. Gwajin ya nuna raguwar tashin ciwon. Sarrafa shi ya tsaya shekaru bayan kamfanin Amurka da aka bai wa lasisi ya durƙushe, kafin wani kamfanin cikin gida ya karɓa. Cibiyar ce kuma a 2020 ta gwada ruwan Covid-Organics da shugaban Madagaska na wancan lokaci Andry Rajoelina ya tallata, ta ce ba ta ga shaidar yana warkar da korona ba. Ma'auni ɗaya ne ya ɗaga wancan ya kuma kayar da wannan.

Gana ta yi nisa a tsari. Ta kafa cibiyar binciken magungunan tsirrai a Mampong tun 1975, ta yi dokar kula da masu sana'ar a 2000, jami'ar Kwame Nkrumah da ke Kumasi ta fara bayar da digiri a fannin a 2001, daga baya aka buɗe sassan maganin tsirrai a wasu asibitocin gwamnati. A Najeriya akwai manufar ƙasa ta 2007 da sashe a ma'aikatar lafiya, amma ƙudurin kafa majalisar da za ta yi wa masu sana'ar rajista ta kuma hukunta masu laifi ya shafe shekaru yana kai-komo a Majalisar Tarayya. NAFDAC kaya take dubawa. Mutumin da ke duba majinyaci ya rubuta masa jiƙo ba shi da wata majalisa ta ƙasa da za ta ƙwace masa lasisi.

Dokar da ake da ita ma ba a cika aiki da ita ba. Dokar abinci da magunguna ta haramta tallata wa jama'a wani abu a matsayin maganin cututtuka irin daji da suga da hawan jini, kuma kowace tallar maganin tsirrai sai da izinin NAFDAC. Amma gidajen rediyo suna sayar da sa'o'i ga masu irin wannan iƙirari. Lokutan da hukumomi a Kano suka tashi hana talla da lasifika, abin da aka fi kuka da shi kalaman batsa ne. An damu da abin da ke shiga kunne fiye da abin da ke shiga ciki.

Kafin a buɗe kwalba

Har zuwa lokacin da za a gyara tsarin, nauyin yana wuyan mai saye, kuma akwai abubuwan da ke rage cinikin biri a sama. Kwalbar da ba ta da sunan kamfani da adireshi, jerin abubuwan da ke ciki, awon sha da ranar ƙarewar aiki, a bar ta. Lamba ana iya bincikarta a kundin Greenbook na NAFDAC a intanet, a ga ko tana aiki da kuma sunan kayan da aka ba ta. Maganin da aka ce yana warkar da cuta goma ya riga ya tona asirin kansa.

Mai shan maganin hawan jini, suga, farfaɗiya, tarin fuka ko cuta mai karya garkuwar jiki kada ya ajiye shi saboda jiƙo, kuma ya gaya wa likita ko masanin magunguna duk abin da yake haɗawa da shi. Masu juna biyu, masu shayarwa, ƙananan yara da masu ciwon ƙoda ko hanta su ne suka fi kusa da haɗari. Jaririn da bai kai shekara 1 ba ko zuma ba a ba shi. Wanda za a yi wa tiyata likitoci kan so ya daina kayan tsirrai kimanin mako biyu kafin ranar. Idan ido ya yi rawaya, ko fitsari ya ragu ko ya yi duhu, ko ƙafa da fuska suka kumbura, a daina sha nan take a tafi asibiti da kwalbar a hannu. Ana kuma iya kai rahoton illa ta manhajar Med Safety da hukumar ta ƙaddamar a 2020.

Sauran aikin na siyasa ne. A Mayun 2025 ƙasashe mambobin Hukumar Lafiya ta Duniya suka amince da sabon tsarin maganin gargajiya na 2025 zuwa 2034, wanda ya ɗora muhimmanci a kan hujjar bincike da dokokin kare jama'a. Abin da hakan ke nufi a gida a bayyane yake: a zartar da dokar majalisar masu sana'a, a tilasta rubuta gargaɗi da Hausa da ajami da kuma furta shi a kowace talla, a hukunta kafar da ta watsa iƙirarin da doka ta hana, a ware kuɗin gwada magungunan da jama'a suka fi sha, a kuma wallafa sakamakon ko mai daɗi ne ko akasin haka. Masu maganin gargajiya na gaskiya su ne za su fi cin ribar wannan, domin a yanzu ana yi musu kuɗin goro da 'yan damfara.

Waɗannan tambayoyi ne da ya dace a yi wa duk mai neman kujerar majalisa ko ta gwamna, daidai da tambayar hanya da wutar lantarki. Muddin asibiti ya fi ƙarfin talaka, ba zai daina neman sauƙi a kasuwa ba. Mafi ƙarancin haƙƙinsa a kan hukuma shi ne ya san abin da ke cikin kwalbar da ya biya kuɗinsa ya saya.